Daga Ina Zan Fara Koyar da Kwamfuta ga 'Yan Aji Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashin malami ne a wata jami'a, kuma a wannan zangon karatu shugaban sashenmu ya ɗora mini kwas ɗin 'yan aji ɗaya a kan tushen ilimin kwamfuta da tsara shafukan intanet. Ɗalibai sun haura ɗari biyu, kwamfutocin da ke aiki ba su kai talatin ba, wutar lantarki kuwa sai an dace. Wasu abokan aiki sun ce in cinye rabin zangon a kan tarihin kwamfuta da sassanta, wasu kuma sun ce in koya musu WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, kawai tunda shi kasuwa ke nema. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya taya ka riƙo. Shawarata ita ce kada ka raba kwas ɗin gida biyu, wato rabi karatun allo rabi aikin hannu. Ka sa ɗalibanka su rubuta shafinsu na farko tun a makon farko, sannan ka riƙa ɗauko bayanin tushen kwamfuta daga matsalolin da za su ci karo da su yayin da suke wannan aikin.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ɗalibi zai buɗe manhajar rubutu ta Notepad, ya rubuta layuka biyar ko shida na HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, masu ɗauke da sunansa da na garinsu, ya adana fayil ɗin da sunan index.html, sannan ya danna shi sau biyu ya buɗe a burauza. Wannan aiki ba ya neman data ko kaɗan. A nan ne za ka gano inda gizo ke saƙa, domin yawancin yaran nan a kan waya suka tashi, sun iya WhatsApp da TikTok fiye da ni da kai, amma in ka tambaye su inda fayil ɗin da suka adana ya shiga sai su tsaya suna kallonka. Na taɓa tsayawa a kan wata ɗaliba da ta yi kusan rabin awa tana fama da shafin da ya ƙi buɗewa, alhali ba ta yi kuskure ko ɗaya a rubutun ba, ashe an adana mata shi ne da sunan index.html.txt, Windows kuma ya ɓoye wutsiyar sunan. Saboda haka kada ka ji nauyin ba da mako guda cur ga fayil da folda da hanyar da ke kaiwa gare su, har da bambancin Hoto.JPG da hoto.jpg, wanda Windows ba ya damuwa da shi amma saba, wato kwamfutar da ake ɗora shafuka a kanta, in tana aiki da tsarin Linux ta ɗauke su sunaye biyu daban.

Ita kanta ɗauke wutar da kake kuka da ita darasi ce. Ranar da aka ɗauke wuta aikin wanda bai adana ba ya salwanta, na wanda ya adana kuma ya tsira, ranar ce ta bayanin bambancin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM da ma'ajiyar dindindin, kuma ba za su ƙara mantawa ba.

Wurin da na fi so ka daɗe shi ne batun haruffanmu masu lanƙwasa, domin da su za ka koyar da yadda kwamfuta ke mayar da komai lamba ba tare da ka gajiyar da kowa ba. Tsarin ASCII na ba haruffa lambobi, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, gurabe 128 kawai gare shi, babban harafin A shi ne lamba 65, kuma babu gurbin ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. A tsarin Unicode ne ƙ ta sami lambarta, wato 409, kuma idan aka adana ta da UTF-8, wato hanyar adana haruffan Unicode, tana cin bait biyu (bait shi ne ma'aunin gurbin ajiya a kwamfuta), alhali k ta yau da kullum bait ɗaya take ci. Ka sa su rubuta kalmomin "ƙasa" da "ɗaya" a shafinsu, sannan a layin da ke shaida wa burauza tsarin haruffa su cire utf-8 su sa windows-1252. Nan take za su ga Æ™asa da É—aya, irin shirmen da suka sha gani a wasu shafukan Hausa ba su san dalilinsa ba. Daga nan bayanin sifili da ɗaya, da dalilin da ya sa bait guda ke ɗaukar ƙima 256, zai shige su cikin sauƙi, saboda sun ga abin ya taɓa harshensu.

Tarihi kuwa lacca ɗaya ta ishe shi. Abin da ya kamata su riƙe shi ne cewa intanet ta girmi shafukan da muke buɗewa a kanta, ko da yake mu a Hausa mun saba kiran duka biyun yanar gizo. Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar tsarin shafukan ne a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, shafin farko ya fito fili a 1991, JavaScript mai sa shafi motsi ta zo a 1995, ƙa'idar farko ta CSS mai ƙawata shafi kuma a 1996. Jerin zamunan kwamfuta da ake sa yara haddacewa, ka ba su shi a takarda su karanta a ɗaki.

Masu cewa WordPress suna da hujja, domin tun fitowarsa a 2003 ya zama abin da ɗimbin shafuka ke tsaye a kai, kuma ɗalibi zai iya cin abinci da shi. Sai dai wanda ya fara da shi bai san HTML da CSS ba, ranar da abu ya karkace ba shi da ta cewa. Ka ajiye shi zuwa makonni biyun ƙarshe. JavaScript ma a nuna musu ɗanɗano kawai, a bar sauran ga kwas na gaba. Lokacin da ya rage maka ka kashe shi wajen koya musu shafin da zai zauna daidai a fuskar waya da kuma rage nauyin hotuna, tunda masu buɗe shafukansu da waya za su buɗe, da datar da suka saya da kuɗinsu.

Game da ƙarancin na'urori, ka raba ajin rukuni-rukuni a ranaku daban-daban, kada waɗanda ke kan kwamfuta ɗaya su wuce uku, kuma ka riƙa sa a sauya mai riƙe da madannai duk bayan minti goma sha biyar, in ba haka ba wanda ya riga ya iya shi zai yi ta bugawa saura suna kallo. Kowa ya zo da rubutunsa a takarda tun daga ɗaki, domin zaman gaban kwamfuta ya zama na gwadawa da gyara.

Wajen ba da maki, ka sani cewa wasu za su kwafo shafi daga intanet ko su sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu. Kada ka wahalar da kanka da bincike. Ka kira ɗalibi gaban shafin da ya ce nasa ne, ka ba shi minti uku ya sauya launin kanun, ya ƙara hoto ɗaya, ya kuma haɗa shafin da wani na biyu, kana tsaye kana kallo. Da ɗalibai ɗari biyu wannan zai ci maka kamar awa goma, don haka ka nemi mataimaka biyu daga 'yan ajin ƙarshe tun kafin lokacin ya zo.