Baba ya kwana 48 a asibiti, yana sambatu da dare: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifinmu tiyatar hanji a nan Jos, sai ɗinkin ya kama ruwa, aka sake shiga da shi, ya kwana 11 a ɗakin kulawa ta musamman. Yau kwanansa 48 a asibiti. Yau a ga sauƙi, gobe zazzaɓi ya dawo. Da dare yana sambatu, yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, wani lokaci ma ba ya gane ni. Ƙannensa sun ce iska ce, a mayar da shi gida. Ni ce babbar 'yarsa, ni kaɗai ke kwana a wurinsa, kuma na fara gazawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri. Na daɗe ina aikin nas a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, kuma abin da kika faɗa na gan shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Bari in fara da sambatun, don shi ya fi tayar miki da hankali. Ruɗewa ce da ke yawan samun dattawa bayan babbar tiyata ko bayan zaman ɗakin kulawa ta musamman, kuma ta fi tashi idan rana ta faɗi. Ƙwayar cuta a ciwo ko a fitsari na kawo ta, haka rashin barci, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, ƙarancin ruwa a jiki, ko gishirin jini ya hau ko ya sauka. Sau da yawa ita ke riga zazzaɓi zuwa. Saboda haka duk daren da kika ga ya rikice fiye da jiya, ki faɗa wa nas ɗin da ke bakin aiki a lokacin, kada ki bari sai safe. Mafi yawan masu wannan ruɗewa hankalinsu na dawowa idan an magance sanadin, ko da yake wani kan ɗauki makonni.

Akwai wani dattijo da muka yi jinya, kullum bayan isha sai ya yunƙura zai cire robar ƙarin ruwa, wai shanunsa sun shiga gonar mutane. 'Yarsa ba ta taɓa musa masa ba. Takan riƙe hannunsa ta ce, "Baba, an kora su. Yau Talata, muna asibiti a Jos, ni ce." Ta sa masa carbinsa a hannu, ya lafa. Haka nake so ki yi. Da rana a ɗaga labule ya ga haske, a sa masa gilashinsa idan yana amfani da shi, a kunna masa rediyo ƙasa-ƙasa. Da dare a rage fitila da surutu. 'Yan dubiya su shigo biyu-biyu, su gaisa su fita.

Ƙannensa ba ƙinsa suke yi ba, tsoro ne ya kama su. Ki roƙi likita ya yi wa babbansu bayani baki da baki. Addu'a da tofi ba wanda zai hana, amma rubutu ko jiƙo, duk abin da zai shiga cikin mutumin da aka ɗinke wa hanji, sai an tambayi likita. Ɗauke shi yanzu, da ciwo a buɗe, hatsari ne babba, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba.

Sai fatar jikinsa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar duk bayan awa 2, har cikin dare. Kullum lokacin goge jiki ki duba ƙasan bayansa, da duwawu, da dunduniya. A fatarmu ba lallai ki ga ja ba: wuri ne zai ƙara duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri. Kina gani ki nuna wa nas, don gyambon kwanciya cikin kwanaki yake buɗewa, warkewarsa kuwa sai watanni. Zanin gado ya zama busasshe ba tattara. Da sanyin Jos, ki yi amfani da ruwan ɗumi, ki shafa masa mai bayan gogewa.

Abinci kuma, idan an ba shi izinin ci, kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi kwano guda. Da ƙwai, kifi, wake da madara ciwo yake haɗewa, kunu zalla ba ya isa. Kada a ba shi ko ruwa yana kwance, a tayar da shi zaune. Idan masu gashin ƙashi sun zo su zaunar da shi ko su taka da shi, kada tausayi ya sa ki hana. Kwanciya na cinye tsoka, tana kuma jawo daskarewar jini a ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi sama-sama, a kira likita nan take.

Ki sayi ƙaramin littafi. Ki riƙa rubuta abin da ya ci, yadda ya kwana, da tambayoyinki, ki kasance a wurin lokacin zagayen likitoci na safe. Da shi za ki gwada wannan mako da wancan, don irin wannan jinya ba a auna ta da kwana ɗaya. Idan kuɗi ya fara yankewa, manyan asibitocin gwamnati na da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki tambaya a nuna miki.

Ke kuma, kwana 48 a kan tabarma ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma mai jinyar da ba ta yi barci ba ita ke mance juyi da lokacin magani. Ki tara 'yan'uwa a wannan makon a raba aiki da suna: wane kwanan Litinin da Laraba, wance abinci, wane sayen magani. Ƙannen Baba da ke son a yi wani abu, ki ba kowannensu dare ɗaya, ki nuna musu yadda ake juya shi, ke kuma ki je gida ki kwanta a gadonki.