Amsoshin Tambayoyinku: Fitilar Renon Shuka Ta Ƙona Mini 'Yan Dashe

Yawancin wasiƙun makon nan a kan abu ɗaya suke, wato fitilar da ake rataya wa shuka a cikin ɗaki don ta tsaya mata a madadin rana. Na zaɓi biyar daga ciki.

Wata 'yar'uwa daga Manchester, Ingila, ta ce: "Malam, tun farkon Fabrairu na shuka attaruhu da tumatir a ɗaki saboda sanyi. Na sayi fitilar LED na rataya dab da su, kuma ba na kashe ta dare da rana don su yi saurin girma. Yanzu ganyen sama sun koɗe sun yi fari-fari, bakinsu ya naɗe ya bushe. Da ƙyar na samo irin attaruhun nan. Shi ke nan sun mutu?"

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce sun mutu. Ki je ki duba tsakiyar kan kowace shuka, inda sabon toho ke fitowa. In wurin kore ne, karan kuma yana tsaye da ƙarfinsa, to shukarki za ta farfaɗo. Abin da kika kwatanta ƙunar haske ce, kuma alamarta ba ta ɓuya: ganyen da suka fi kusa da fitilar su ke fara koɗewa, na ƙasa suna nan da korensu. Da yunwar taki ce ko yawan ruwa, da tsofaffin ganyen ƙasa za su fara yin rawaya. Amma kada ganye biyun farko da suka fito daga cikin ƙwayar iri su ruɗe ki, waɗannan dama sukan yi rawaya su faɗi da kansu idan ganyen gaskiya sun fito.

Yau ɗin nan ki ɗaga fitilar. Ki ba ta tazarar kamu ɗaya daga saman ganye, wato santimita 45 zuwa 50, in kuma tana da maɓallin rage haske ki mayar da shi rabi. Ki sa bayan hannunki daidai kan ganyen na rabin minti. In kin ji zafi, ki ƙara ɗagawa. Sai dai ki sani LED tana iya koɗar da ganye da ƙarfin haske kaɗai ba tare da hannu ya ji komai ba, don haka sabon ganye shi ne zai ba ki labarin gaskiya. In ya fito kore a shimfiɗe, tazarar ta yi.

Sai maganar barin fitila dare da rana. Ki daina. Awa 14 zuwa 16 na haske sun ishe su, sauran awa takwas zuwa goma a bar su cikin duhu. Tumatir musamman an san shi da rashin jure hasken da ba ya yankewa, ganyensa kan yi dabbare-dabbaren rawaya ko da fitilar na nesa. Ki sayi 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket tana kunnawa tana kashewa da kanta, kuɗinta kaɗan ne, kuma ta fi miki amfani da sabuwar fitila.

Ganyen da ya riga ya koɗe ba zai sake yin kore ba, kada ki zauna jiransa. Amma kuma kada ki tsinke shi muddin da sauran kore a jikinsa, don da wannan ɗan koren shukar ke haɗa abincinta. Wanda ya bushe ƙurmus kaɗai za ki cire da almakashi mai tsabta. Kada ki sa taki sai kin ga sababbin ganye biyu lafiyayyu, kuma kada tausayi ya sa ki riƙa malala musu ruwa. Ki tsoma yatsa a ƙasar, sai kin ji saman ya bushe sannan ki zuba. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga bambanci in Allah ya so. Lokaci ma yana tare da ke, tun da a ƙasar da kike ba a fitar da tumatir da attaruhu waje sai bayan tsakiyar Mayu, idan jaura ta wuce. Allah ya sa albarka.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce tumatirinsa sun yi tsawo siriri, sun yi fari, suna faɗuwa, alhali fitilar na can jikin silin. Yana tambaya ko ita ce ta ƙona su.

A'a ɗana, taka matsalar kishiyar ta sama ce. Haske ne bai ishe su ba, shi ya sa suke miƙa wuya suna nemansa. Ka sauko da fitilar, ko ka sa bulo ka ɗaga mazubin. In doguwar fitilar nan ce irin ta ofis, santimita 5 zuwa 10 daga ganye ya isa, don ba ta da ƙarfi. Idan ka tashi dashe ka binne karan tumatirin har kusa da ganyen farko, zai fitar da saiwa daga jikin karan. Ka kunna musu fanka a hankali na ɗan lokaci kullum, yana ƙarfafa kara. Amma ka duba gindinsu da kyau: in ka ga karan ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa, wannan ruɓewar gindi ce da danshi ke jawowa, ba ta da magani. Ka tuge waɗanda suka kamu, ka rage ruwa, ka tabbatar mazubin yana da huji a ƙasa.

Wani magidanci daga Abuja ya ce ya ga fitila mai launin shunayya a intanet, an rubuta wat 1000 a kwalinta, kuma kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba. Yana so ya raini tattasai a ɗakin ajiya. Ya saya?

Alhaji, kada ka saya. Kuma tun da ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, bari in yi magana a buɗe, don ba kai kaɗai ba ne.

Lambar nan ta wat 1000 ƙarya ce da aka buga da manyan baƙaƙe. Fitilar da ke jan wat 1000 na gaskiya tana cin wuta kamar dutsen guga, tana da nauyi, kuma babu mai sayar maka da ita a wannan kuɗi. Abin da masu haɗa irin waɗannan ke yi shi ne su ƙirga 'yan ƙwayoyin fitilar, su ninka da iyakar abin da aka ce kowace ƙwaya za ta iya ɗauka, su rubuta jimlar. Ka juya bayan kwalin ka nemi ƙaramin rubutun da ke faɗin ainihin wutar da take ja daga soket. Sau da yawa za ka tarar bai wuce wat ɗari da 'yan kai ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. In babu wannan rubutu sam, ka ajiye kayan ka yi gaba. Mai saye a kasuwa kuwa ya nemi mai gyaran wuta ya gwada masa da mita a gaban mai shago kafin kuɗi ya bar aljihunsa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Mutumin da bai san ƙarfin fitilarsa ba, ta yaya zai san tazarar da zai ba ta? Wani ya yarda da lambar kwali ya rataye ta can sama, shukarsa ta yi tsawo ta faɗi. Wani ya ga hasken bai kai yadda ya zata ba ya manna ta a kan ganye, ta dafa su da zafi, domin na jabun ba su da wadataccen ƙarfen bayan da ke zuƙe zafi. Ga kuma wayoyinsu sirara a wurin da ake zuba ruwa kullum, a ɗakin da ake kullewa a tafi aiki. Wannan shi ya fi damuna, don gobara ba ta tambayar nawa aka sayi fitila. Masu sa a yo musu tsaraba daga Amurka su ma su lura: can wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba, tana shiga soket ɗinmu za ta ƙone.

Launin shunayyar da ke burge mutane ba wani sirri ba ne, haɗin ja ne da shuɗi, launuka biyun da ganye ya fi zuƙa. Farar LED mai kyau tana ɗauke da su duka, kuma a ƙarƙashinta ne za ka iya ganin ainihin launin ganyenka. A ƙarƙashin shunayya, ganye zai koɗe ya gama ba ka lura ba.

Sannan ka yi lissafin wuta. Fitila mai wat 100 ta gaskiya, awa 16 a rana, tana cin yunit 48 a wata. In kana rukunin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, da ake biyan sama da naira 200 a yunit, ka tasar wa dubu goma ke nan kowane wata, ban da man janareta ranar da aka ɗauke wuta. Tattasai nawa dubu goma za ta saya maka? 'Yar'uwarmu ta Manchester tana da uzuri, don a watan Disamba hasken yininsu bai kai awa takwas ba, shi ma raunana. Mu nan ko a mafi gajartar yini muna samun sama da awa goma sha ɗaya na rana mai ƙarfi, kyauta. Ina jin takaici in ga magidanci ya bar baranda da tsakar gida ya je yana sayen rana a kwali saboda ya ga wani Bature ya yi a bidiyo. Ka kai tattasanka inda hantsi ke bugawa, ka yi masa 'yar rumfa da buhu ko ragar sauro don zafin azahar. In gidanka da gaske babu inda rana ke shiga, to ka nemi farar LED da aka rubuta ainihin wat ɗinta, mai maɓallin rage haske, daga shagon da za ka iya mayar musu in ta lalace.

Wani ya tambaya ko ya fesa wa ganyen da suka ƙone ruwan sukari ko madara, wai ya ji suna warkar da su.

Wa ya gaya maka haka? Tururuwa da fumfuna za ka gayyato, ka ƙara wa shukar cuta a kan cuta. Ka kuma ce ƙwan fitila irin na da, mai jan haske, kake amfani da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. Ka cire shi, ka karanta amsar farko.

Wata Hajiya daga Kano ta ce ta ji tsoron fitilar bayan ta ƙona mata na'a-na'a da latas, sai ta kwashe su gaba ɗaya ta kai tsakar gida. Kafin la'asar duk sun yi yaushi, ganye ya yi fari.

Sannu Hajiya, na san da ciwo, kuma niyyarki mai kyau ce. Ganyen da ya tashi a ɗaki fatarsa ba ta yi kauri ba, ranar tsaka kuwa ta ninka hasken fitilar gida sau da yawa, ga iska mai busar da ganye. Ki mayar da su inuwa yanzu, ki ba su ruwa da yamma, ki bar su kwana uku su dawo hayyacinsu. Daga nan sai ki fara fito da su awa ɗaya da sassafe, kina ƙara awa guda kullum, har kwana bakwai zuwa goma. Na'a-na'a tana da taurin rai, ko kin yanke ta kusa da ƙasa za ta sake tohowa daga saiwa, kuma ta fi son ranar safe da inuwar yamma. Latas kuwa shukar sanyi ce. In zafin bazara ya riga ya shigo, ko ta farfaɗo za ta yi saurin fitar da kai ta yi ɗaci, don haka ki ci abin da ya samu, ki adana sauran irin sai Nuwamba idan hunturu ya kama. A gurbinta yanzu ki shuka alayyahu ko yakuwa, kai tsaye a tsakar gidan.