Yadda za a ƙara wa tof silinda na Peugeot 504 ƙarfi

Ka tambayi yadda tof silinda na 504 ɗinka, wato murfin da ke rufe saman injin, zai ƙara jan iska ba tare da sauya injin ba. Shawarata ita ce ka fara da bawul, wato marufan da ke buɗe hanyar iska da hayaƙi su rufe, domin idan ba sa zama daram a mazauninsu, duk wani gyara ɓata kuɗi ne. A wasa su, a sauya bututun da suke gudu a ciki idan ya ci, sannan a goge kaushin hanyoyin iska ba tare da an faɗaɗa su ba. Tof ɗin na alminiyam ne; idan za a kankare fuskarsa, a kankare kaɗan kawai, in ba haka ba matsi zai yi yawa injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Kuma kada a juya injin bayan an cire tof, domin bututan silinda da fistin ke gudu a ciki za su iya gocewa daga mazauninsu.