Sandar giya tana lilo: kada a yi saurin sauke giyabos

Malam, ka ce sandar giyar Golf 3 ɗinka da ke jigila tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda tana lilo, sai ka lalubo lamba ɗaya da ribas, kuma bakanike ya ce a sauke giyabos. Dakata tukuna. Galibi matsalar a waje take.

Kashe mota, ja burkin hannu, sa lamba uku, ka kaɗa sandar hagu da dama. Idan tana yawo kamar muciya a tukunya alhali giya na ciki, bushin ne ya cinye, wato 'yar robar da ke cikin gaɓoɓin haɗi. Yawancin Golf 2 da 3 sandunan ƙarfe ne ke haɗa sandar da giyabos, kowace gaɓa da bushin roba, ga kuma wata ƙwallon roba kusa da giyabos ɗin. Ƙurar hunturu da zafin injin ke cinye su, man da ke yoyo kuma ya jiƙa robar ta yi laushi. Buɗe bonet, wani ya riƙa motsa sandar kana kallo. Gaɓar da ƙarfe ɗaya ya motsa amma na gabansa ya tsaya, nan ne ciwon. Ka ɗaga ledar gindin sandar ma, kofin da take zaune a ciki yakan fashe.

Idan a firi ba ta komawa tsakiya, wato saitin lamba uku da huɗu, sifirin ɗin (spring) da ke dawo da ita ne. Idan kuwa tana zabura gaba da baya duk sanda ka taka totur ko ka saki, duba injin sit, wato robobin da injin ke zaune a kai.

Sayi bushin saiti guda, a canza duka lokaci ɗaya, a shafa giris kaɗan. Ɗaurin robar tayar babur da wasu ke yi ba ya kai ko'ina. Kafin a kwance notin da ke matse doguwar sandar ƙasa, a yi mata alama da fenti, in ba haka ba saiti ya ɓace, ka nemi lamba ɗaya ka faɗa ribas.

Amma in giya na fita da kanta kana tafiya, ko tana ƙara wajen shiga bayan an tabbatar kuloci na saki sosai, to a nan ne maganar bakaniken naka za ta hau.