Wuƙata tana tsagewa a ruwa, wata kuma tana dakushewa: ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Zariya, kwanan nan na fara ƙera wuƙaƙe da hannu daga sifirin ɗin mota, har mahauta sun fara ba ni aiki. Abu biyu ke damuna. Idan na gasa wuƙa ta yi ja na tsoma ta a ruwa, sai in ji ƙas, ta tsage. Wadda ta tsira kuma, ko dai bakinta ya ɓantare idan ta ci karo da ƙashi, ko ta dakushe kafin a gama fiɗar rago ɗaya. Ƙarfen ne ba shi da kyau, ko hannuna ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙarfenka ba shi da laifi. Sifirin na daga cikin abin da maƙera a ƙasashe da dama suka fi dogara da shi wajen wuƙa da adda. Aikin wutar ne kake tsayar da shi a rabi, kuma kana kashe zafin a inda bai dace da wannan ƙarfen ba.

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Yawancin sifirin ɗin mota yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, da ɗan wani sinadari da ake kira kuromiyam. Tsohon magagari mai kyau yakan kai kashi 1 ko ya ɗara. Baƙin ƙarfen da kuke yin ƙofa da taga da shi bai cika wuce kashi 0.2 ba, shi ya sa duk gashin da za ka yi masa ba zai taurara ya zama wuƙar kirki ba. Rodi kuwa ba abin amincewa ba ne, wani ya yi tauri wani ya ƙi. Tunda kana da giranda, gwajin ba wuya: ɗora ƙarfen a kai ka dubi tartsatsin. Mai kabon da yawa tartsatsinsa yana fashewa a ƙarshe ya yi rassa, maras kabon kuma dogayen layuka yake fitarwa. Ka kuma goge sifirin ɗin tas ka duba shi a haske kafin ka fara, domin wanda ya shekara da shekaru a ƙarƙashin tirela yakan zo da siraran tsagu tun daga can, kuma duka da masaɓa ba ya haɗe su.

Kuromiyam ɗin nan da ke cikin sifirin yana sa shi taurara ko da ba a sanyaya shi da gaggawa irin ta ruwa ba. Mai ya ishe shi. Ruwa yana zuƙe zafi da gaggawa, sai siririn baki ya daskare alhali bayan wuƙar mai kauri bai huce ba, ɓangarorin biyu su yi ta jan juna har ɗaya ya yage. Wannan ce ƙarar da kake ji. Na san za ka ce tsofaffin maƙera da ruwa suke yi, kuma haka ne. Amma ka zauna kusa da ɗaya ka sa ido: ba ya jefa wuƙar dungurungum. Bakin kawai yake taɓawa da ruwan, ya ɗaga, ya duba, ya sake taɓawa, zafin da ya rage a bayan wuƙar yana gangarowa yana sassauta bakin. Ƙwarewa ce ta shekaru, kuma su ma sukan yi asara. Kai da kake farawa, yi amfani da mai.

Man gyaɗa ko man girki na kanti ya wadatar, kamar lita huɗu a doguwar gwangwani ta ƙarfe mai murfi. Ka ɗumama shi tukuna, ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe a ciki, har ya kai wajen digiri 50 na Salshiyos, wato zafin da yatsa zai taɓa amma ba zai daɗe ba. Mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, don haka ya fi mai sanyi kwashe zafi daidai. Baƙin man inji da kowa ke ɗebowa a garejin makanikai ban yarda da shi ba. Hayaƙinsa guba ne, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Idan wuta ta kama a bakin gwangwanin, rufe da murfi. Kada ka kuskura ka watsa ruwa.

Sai dai tun kafin a kai ga tsomawa, akwai matakin da nake zargin kana tsallakewa. Duka da gashi mai tsanani suna barin ƙarfe a takure, ƙwayoyin cikinsa kuma su yi manya. Idan ka gama fitar da siffar wuƙar, ka gasa ta har ta yi ja sosai, ka ciro ta da awartaki ka riƙe a iska har jan ya mutu. Ka maimaita sau biyu ko uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. In kana son ka ga amfanin wannan da idonka, ɗauki guntaye biyu na sifirin ɗaya. Ɗaya ka gasa shi har ya yi ruwan ƙwai mai haske ka tsoma, ɗayan ka bi da shi yadda na faɗa sannan ka tsoma. Sa tabarau, ka karya su duka. Cikin na farko za ka gan shi tsaki-tsaki yana ƙyalli, na biyu kuwa toka-toka mai laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Wuƙar da cikinta ya yi tsaki ita ce ke ɓantarewa a kan ƙashi, komai wasan da ta sha.

Kada kuma ka wasa bakin ya yi kaifi kafin gashin ƙarshe. Bar masa kaurin milimita 1 ko kusa da haka, ka share zurfafan sawun magagari da na giranda, domin daga nan tsaga ke somawa.

Yanzu zafin kansa. "Ta yi ja" ba ma'auni ba ne, don jan da kake gani da tsakar rana a bakin shago ya riga ya wuce kima. Yi wannan aikin a inuwa mai duhu ko bayan magariba. Ɗaure maganaɗisu a sanda, irin na tsohuwar sifika ya isa. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770. Sifirin yana son ya ɗan zarce nan, wajen 830, saboda haka idan maganaɗisu ya saki, ƙara ɗan lokaci kaɗan launin ya ɗaga taki ɗaya, ya kuma daidaita daga tsini har gindi. Gishirin miya yana narkewa a digiri 801, shi ma alama ce mai kyau idan ka barbaɗa kaɗan a kai. Gawayin ƙirya, wanda maƙeranmu suka fi so saboda ƙarfin wutarsa, yana iya ƙona tsini cikin ƙiftawar ido, don haka ka sassauta zugazugi, ka sa bayan wuƙar ya fuskanci garwashi, kana kai ta kana komowa.

Daga wuta zuwa mai kada a yi jinkiri. Shigar da ita a miƙe, ka motsa ta kamar kana yanka man, gaba da baya. Idan ka kaɗa ta gefe da gefe za ta karkace. Ta huce a ciki, ka goge, ka ja magagari a bakin. Idan ya zame bai ci ba, ta taurara.

A nan ne mafi yawan masu koyo suke tsayawa, kuma a nan matsalarka ta biyu take. Wuƙar da ta fito daga mai ta yi tauri fiye da yadda za a yi aiki da ita. Ko faɗuwa ta yi a siminti tana iya karyewa, wata ma takan tsage ita kaɗai cikin dare. Dole a mayar da ita ga ɗan zafi, nan take, kada ta kwana. Mai tanderun girki da ke da ma'auni ya sa ta a digiri 200 na awa biyu, ta huce, ya maimaita. Wanda ba shi da shi ya goge wuƙar ta yi fari, ya gasa wani ƙaton ƙarfe, ya jingina bayanta a kai yana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Za a fara ganin launin busasshen kara, sai ruwan goro, sai shunayya, sai shuɗi a wajen digiri 300. Wuƙar fiɗa da ta yanka a tsayar da bakinta a launin kara. Ta sara, wadda za ta daki ƙashi, a bar ta ta kai ruwan goro. Bayan wuƙa da wutsiyar da ke shiga ƙota su yi shuɗi ba komai, hakan ma ya fi, don ba za su karye ba. Da launin da kake so ya iso baki, sanyaya ta.

Dakushewar kuwa, tunda kai mai walda ne, giranda nake tuhuma. Siririn baki yana ɗaukar zafi nan da nan a kan dutsen inji. Duk inda ka ga shuɗi ya bayyana a bakin lokacin wasa, wurin ya yi laushi, aikin da ka yi a wuta ya tafi. Riƙe wuƙar da hannu ba safa domin ka ji zafinta, kana tsoma ta a ruwa bayan kowane ja ɗaya ko biyu. A wannan matakin ruwa ba ya cutar da ita. Kaifin ƙarshe ka fitar da shi da hannu a kan dutsen wasa, kusurwar kamar digiri 20 kowane gefe, ka gama da gogawa a kan fata.

Ƙota ka nemi busasshen icen marke ko ƙirya, ka huda ramukan ƙusa a wutsiyar tun kafin ka taurara ƙarfen. Kube kuma ka kai wa baduku wuƙar kanta ya ɗinka a jikinta. Idan za ka miƙa wa mahauci, gaya masa wannan ƙarfen yana tsatsa: ya wanke, ya goge ta bushe, ya shafa ɗan mai, kada ya mayar da ita kube da jini ko danshi.