Intanet ne ya kashe kasuwar kaset?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sayar da kaset da faifan CD na waƙoƙin Hausa da na bege a wani ɗan shago kusa da Sharar Mansur a Makka. A da, lokacin aikin Hajji sai in ƙarar da kwali guda a mako. Yanzu caja da murfin waya nake sayarwa. Malam, intanet ne kaɗai ya kashe mana wannan sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Intanet na da kaso mai tsoka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai shaida ne cewa kwafar waƙa ta girmi intanet. Wanda ke da rikoda mai gida biyu yakan sayi kaset ɗaya ya kwafa wa maƙwabta. Abin da ke kare kasuwarku a lokacin shi ne kwafi yana lalacewa. Kafin a kai na uku, murya ta dushe, ganga ta koma kamar ana buga ta cikin rijiya, dole mai son sauti garau ya dawo shagonka. Da tsarin MP3 ya zo, wanda aka ƙirƙira a Jamus, sai kwafi na dubu ya zama daidai da na farko, kuma ba a kashe ko halala ɗaya wajen yin sa.

A 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar da ke barin mutum ya ɗebi waƙa daga kwamfutar wani a kyauta. A shekarar, cinikin waƙa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. Zuwa 2014 ya sauko kusan biliyan 7. Kamfanonin waƙa sun kai ƙara, aka rufe Napster a 2001, sai ga Kazaa da LimeWire sun maye gurbinsa. Daga 2003 har masu saukar da waƙa a gida aka riƙa makawa a kotu, dubbansu, abin bai hana komai ba sai baƙin jini da ya jawo wa kamfanonin.

Ni a ganina akwai laifin su kansu. Shekara da shekaru suna tilasta wa mutum sayen faifai mai waƙa goma sha biyu alhali biyu kawai yake so. Da Apple ya buɗe kasuwar iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya santi 99, ko mai sayen halas ya daina biyan kuɗin sauran goman.

Mu kuwa Hausawa ba Napster ne ya ci mu ba, memori ne da Bluetooth. A Kano, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke sayen aikin mawaƙi su buga su rarraba, har ya iso hannun irinku. Da masu tura waƙa a waya suka kafa tebur da kwamfuta a bakin titi, wannan sarƙar ta tsinke. Alhajin da a da zai tsaya ya zaɓi kaset a wurinka, yanzu da waƙoƙi ɗari biyar a aljihu yake sauka Jidda, sabuwar da ta fito jiya kuma ta riga shi zuwa ta WhatsApp.

Kuɗin ya fara dawowa ta hanyar saurare kai tsaye: Spotify da aka ƙaddamar a Suwidin a 2008, wanda bai iso Saudiyya ba sai 2018, da Anghami da ya fara a Labanon a 2012, da YouTube. Sai dai hannun kamfanoni ya koma, bai bi ta shago ba. Shi ya sa mawaƙinmu yau yake sakin waƙa kyauta da gangan, don a kira shi biki ko taron siyasa, inda ake masa liƙi.