Waken da ƙuduji ba ya kamawa: amsar tambayoyin manoma

Tambaya: Na shuka waken da aka ce ƙuduji ba ya kama shi, kuma ya yi kyau a gonata. Ɗan'uwana ya kai shi wani gari, sai ga ƙuduji a gindinsa. Ko algus aka yi mana?

Malam, ba lalle algus ba ne. Ƙudujin wake kala-kala ne, ko da yake ido ba ya bambance su. Wanda ke Najeriya da Nijar daban yake da na Mali ko na wani yanki na Benin. A jikin wake akwai wani babban dangi na ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne gane maƙiyi. Idan saiwar ƙuduji ta maƙale wa saiwar wake, ƙwayar da ta gane ta sai ta sa wurin ya yi baƙi ya mutu, ƙudujin ya rasa abin tsotsa. Amma kowace ƙwaya da kalar da take ganewa. A 2009 masu bincike suka gano ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado a jikin B301, wani waken gargajiya na ƙasar Botswana. SAMPEA 10, wanda masana ke kira IT97K-499-35, yana jure ƙudujin yankinmu, kuma shi aka yi amfani da shi wajen karanta tsarin gadon wake da aka fitar a 2019.

Sai dai a fara duba na kusa. Idan gindi ɗaya-ɗaya ne ya kamu, kuma ganyensa ko launin ƙwayarsa ya saɓa da saura, gauraye ne ko gyauron bara. Idan ya bi gonar gaba ɗaya, a sanar da malamin gona. Ko wanne ne, a tuge ƙudujin kafin ya yi fure a ƙone shi, don 'ya'yansa suna shekaru a ƙasa suna jira. Kuma duk baƙon iri a gwada shi a kunya biyar ko goma tukuna.

Tambaya: Irin waken SAMPEA 20-T ba ya son feshin maganin ƙwari ko kaɗan?

Yana so. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da shi a 2019 don ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanso kawai. Darɓa da ƙananan ƙwarin fure da masu tsotse kwanso ba ruwansu da wannan kariya. A yi feshi sau biyu, lokacin fure da lokacin da kwanso ya fara.

Tambaya: In bar Kanannado da Ɗan'ila ke nan?

Kada ka bar su. Suna ba da harawa, suna zama lafiya a ƙarƙashin gero da dawa, kuma daga irin waɗannan tsofaffin ake samo ƙwayoyin gadon da ake gyara sababbi da su. Rumbun iri na cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan yana riƙe da kalar wake kimanin 15,000 saboda haka. Wake da kansa yake barbara, shi ya sa ajiye irinsa ba wuya. Ka ware wa kowane kala fegi, ka cire duk gindin da ya saɓa kafin fure, ka girbe su daban, ka sussuke daban. Ka shanya har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas a haƙori, sannan ka zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ka rubuta sunan irin da shekarar girbi a jikin buhun.